Ranar Da Aka Yi Dara Da Hanjin Motar Mani

Idan ka shiga Ruwan Godiya ka tambayi gidan Mani mai mota, dariya za a fara yi maka kafin a nuna maka da baki. Amma ka ce Mani na dara, sai ka ga dattijo ya gyara zama ya ce, "A'a, wannan ai ba mutum ba ne, aljani ne da hula."

Mani gajere ne, irin gajartar rumbun da aka fara ginawa damina ta tsayar da aiki. Abin da ya rasa a tsawo Allah ya mayar masa a tumbi da baki. Ya yi firamare har aji uku, sannan shi da boko suka rabu ba baram-baram ba, kowa ya yafe wa kowa. Har gobe idan ka miƙa masa takarda sai ya juya ta sau biyu ya ce rubutun ne bai da kyau. To amma ka haƙa masa gurabe talatin a ƙasa, ka zuba kara da tsakuwa, nan za ka ga malami. An taɓa yin wata rana ana tsakiyar dara a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, bunsuru ya biyo akuya suka bi ta kan wasan suka watsa komai. Mani ya tsince 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya ya mayar da kowane gurbinsa, har da wata tsakuwa da ya ce dama a karkace take, ya karkata ta. Masu ba da labarin sun ce bunsurun ma ya dawo ya tsaya yana kallo.

Sana'arsa noma ce da dakon hatsi. Shekarar da masara ta yi masa kyau ya sayi wata tsohuwar a-kori-kura wadda ta girmi aurensa nesa ba kusa ba. Shi ya sa mata suna Alheri, gari kuwa ya sa mata Sai-an-tura, kuma sunan gari ne ya bi ta. Ƙofar fasinja da igiya ake ɗaure ta. Idan ta taso daga Sheme da buhuna, Suwaibatu matarsa takan ji tarinta tun tana nesa ta ɗora ruwan tuwo, kafin motar ta iso tuwo ya huce. Duk da haka ba ta taɓa kwana a hanya ba, kuma Mani bai yarda a zage ta a gabansa. Ka zage shi ya yi dariya, ka taɓa Alheri ku kwana uku ba gaisuwa.

Mutum ɗaya ce a duniya ta yarda da motar nan fiye da shi, ita ce Inna Hamida, mahaifiyarsa. Inna ta haura tamanin, gwiwa ta hana ta hawa babur, motar haya kuwa ta ce direbobin yanzu duk lahira suke sauri. Ita dai Sai-an-tura, wadda ko kaza ta ga dama sai ta wuce ta. Kuma da yake Mani ɗan farinta ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. Da yana yaro "wannan" take ce masa. Da ya sayi mota ya samu ƙarin girma ya zama "direban nan".

To, a kakar bara, ranar wata Alhamis, aka bugo waya daga Daudawa cewa matar Jabiru, ɗan Mani, ta sauka lafiya a gidan iyayenta, an samu namiji. Tattaɓa-kunnen Inna na farko ke nan. Tsohuwa ta yi guɗa har sai da tari ya sarƙe ta. Ta sa aka fito mata da atamfar da ta shekara shida a ƙasan adaka, ta haɗa daddawa da man shanu, ta aika aka gaya wa direban nan cewa ranar suna da hantsi tana son ta ga angonta da idonta, don ba ta san ko za ta ga na gaba ba.

Mani ya bugi ƙirji ya ce ko a ka zai kai ta.

Ranar Lahadi Alheri ta dawo daga Sheme tana fitar da farin hayaƙi kamar an kunna yayi. Da ƙyar ta ja jiki ta iso gindin darbejiya, ta yi wata ajiyar zuciya, ta mutu. Mani ya ɗaga bonet, ya kira Uwais bakanike, wanda ya daɗe da mayar da garejinsa Funtua.

"Zaro sandar awon mai ka gaya mani mi ka gani," in ji Uwais.

"Kunu na gani, Uwais. Kunun gyaɗa, har da kauri."

"Lagireto hwa?"

"Tana tafasa kamar talge."

"To gaskit ya ƙone. Ruwa da baƙin mai sun haɗe. Sai an sauke tof silinda."

Tof silinda shi ne murfin inji, wani ƙaton ƙarfe da ke zaune a kan fistin, gaskit kuwa shimfiɗa ce siririya da ke tsakaninsu tana raba ruwa da mai da wuta. Mani ya san wannan, ya sha tsayawa a kan bakanike yana ba shi shawarar da ba a tambaye shi ba. Abin da bai taɓa yi ba shi ne sa hannu.

"Yaushe za ka zo?"

"Kaka ce, Mani. Motoci sun yi mani layi har bakin titi. Sai wani sati."

"Wani sati an yi suna an cinye rago har an wanke tukunya! Inna kau ta riga ta fiddo atamfa."

Uwais shi ma ya san Inna. Sai ya ce, "Kana da sifana? To kwance da kanka, ni zan riƙa gaya maka. Amma ka riƙe abu biyu. Idan murfi ya tashi kada ka kuskura ka juya inji. Sannan duk ƙarhen da ka zaro, ramin da ya hito nan zai koma. Sun yi shekara da shekaru tare, kowa ya saba da ɗakinsa. Ka sauya masu ɗaki, ba ruwana."

Litinin da safe Mani ya ɗaure tsohon zanen Suwaibatu a ƙugu ya shiga aiki. Ya cire kan batir, ya tsiyaye ruwa, ya tsiyaye kunun nan a tsohon kwano. Ya kwance kafreto da bakin salansa, ya cire wayoyin fulogi yana ɗaura wa kowace ƙullin zare, ta farko ƙulli ɗaya, ta huɗu ƙulli huɗu. Waya tana kan tayar da aka jingine, Uwais na kan layi, ana magana ana katsewa. Da ya buɗe marfin sama ya iske dogayen notuna goma masu riƙe da tof, da wasu 'yan sanduna takwas sirara kamar tsinken tsire, waɗanda ke tura bawul. Notunan duk kamarsu ɗaya. Sandunan ma, huɗu dogaye huɗu gajeru, amma a cikin kowane huɗu uwarsu ma ba za ta bambanta su ba.

"Samu kwali ka huda, ka rubuta lamba," in ji Uwais.

Mani ya dubi wayar kamar ta zage shi. Lamba? Shi da ya rabu da boko lafiya? Ya tsuguna a inuwa, ya sa dunƙulen hannu ya fara haƙa gurabe a ƙasa. Sha takwas yake bukata, amma hannun da ya shekara arba'in yana abu ɗaya bai san sha takwas ba, sai da ya cika talatin, layi biyar gida shida-shida, sannan ya tsaya. Ya riƙa sassauta notuna daga gefe zuwa tsakiya kaɗan-kaɗan yadda aka ce masa, wanda ya fito ya kai shi gurbinsa. Notunan dama a layin sama, na hagu a layin ƙasa, sanduna a tsakani. Ya ja da baya ya duba, ya ji daɗin kansa.

Ɗaga tof ɗin kuwa sai da aka yi gayya. Aka zura igiya, aka ratsa azara, maza huɗu suka sa kafaɗa kamar za a sauke jinkar rumbu, Mani yana tsaye a kan taya yana ba da umarni da ƙarfi kamar mai fitar da jirgi. Da ƙarfen ya rabu da inji, ga gaskit nan ya cinye tsakanin fistin na biyu da na uku, baƙi ƙirin.

Suwaibatu ta leƙo daga zaure ta ce, "Malam, yanzu kai ne ka yanka ta, kai ne kuma za ka tashe ta?"

"Ki dai tanadi ruwan zafi ranar Alhamis."

"Na wankan gawa ko na shayi?"

Sauran yinin ya ƙare a kankare fuskar tof da reza, yana gogewa da fetur har ta yi ƙyalli. Ya ciro gilashin taga ya kwantar a kai ya leƙa ta ƙasa, haske bai ratsa ba, Uwais ya ce to bai lanƙwashe ba, an tsira daga kai shi wurin masu injin gogewa. Saura sabon gaskit. Talata da sassafe Mani ya rufe gurabensa da tabarma, ya danne da dutse, ya hau motar haya zuwa Funtua da tsohon gaskit a hammata don kada a ba shi na wata.

A nan ne ya yi kuskuren da ba wanda zai yi sai ɗan dara. Gindin darbejiyar nan shekara talatin ke nan wurin zaman mutum biyu, Malam Rabo da Baba Ɗanhausa. Malam Rabo ɗan kawun Inna ne, dattijo mai farin gemu, shi ake kira rabon gado da sasanta rigimar iyakar gona. Baba Ɗanhausa kuwa Bamaguje ne daga unguwar bayan rafi, shi da Malam tare suka yi kiwo suna yara. Kullum bayan azahar sai sun haɗu sun yi dara, kullum sai sun rabu da faɗa. Ɗanhausa ya ce Malam na sata, Malam ya ce a'uzubillahi, mutum mai alwala. Ba a taɓa kama shi ba.

Ranar nan suka iso, Malam ya ga tabarma ya ɗage don su zauna. Sai ga dara a shimfiɗe, gurabe talatin, 'ya'ya a jere, an bar ta kamar mai ita ya tafi sallah.

"Kai, Mani ya ci gaba," in ji Ɗanhausa. "Darar ƙarhe!"

Ya ɗauki ɓangaren notuna, Malam ya ɗauki sanduna. Su biyun sun ce tun da suke ba su taɓa wasa mai daɗin wannan ba, don ɗan ƙarfe idan ka dangwara shi a gurbi har wata ƙara yake yi mai sanyaya zuciya.

Mani ya dawo bayan la'asar da gaskit sabo fil a leda. Tun daga nesa ya hango farin gemu da jar hula sun sunkuya a kan ajiyarsa. Waɗanda suka gani sun ce ya yi tsalle ɗaya daga bakin hanya zuwa gindin bishiya, tafiyar da ta kai zira'i ashirin, da wannan tumbin.

"Baba! Malam! Innalillahi, kun kashe ni!"

"Yi haƙuri, ɗana, yanzu zan gama da shi ka shigo," in ji Ɗanhausa bai ko ɗago ba.

"Hanjin motata ne! Kowane da ramin da zai koma!"

Hannun Malam ya tsaya a sama da sanda a ciki. Mani ya durƙusa ya dubi gurabe. Da irin 'ya'yan da bunsuru ya watsa ne, da sauƙi, don tsakuwa kowace da kamarta. Waɗannan kuwa duk fuska ɗaya, sun yi yawo gida-gida, waɗansu an ci an tara a gefe. Ya kira Uwais, Uwais ya ce notuna da sauƙi, amma sandunan nan idan suka sauya wuri, ta yiwu ta tashi ta yi ta ƙara, ta yiwu kuma ta kai su tsakiyar hanya ta lanƙwasa ɗaya ta zauna. Mani ya tuna tsakiyar hanya, da Inna da atamfarta da ƙwaryar man shanu a rana.

Can sai ya ɗago.

"Baba, wasan ƙarshe wa ya yi?"

"Ni. Na ɗauko wannan daga nan."

"Kahin shi hwa?"

"Ni ne," in ji Malam, "daga can na turo ta."

Mani ya mayar da su. Ai ɗan dara yana iya manta abin da ya ci da safe, yana iya manta sunan surukinsa, amma ba ya manta wasa, don da shi zai yi gardama gobe. "To ku yi mani ita da baya," in ji shi, "har ku kai inda kuka same ta."

Magariba ta tsayar da su, aka kife babban daro a kan gurabe, Mani ya ɗora turmi a kai. Laraba da hantsi aka dasa. Kafin a jima rabin gari ya taru, don ba a taɓa ganin dara tana tafiya da baya ba. Wanda aka ci ya tashi daga matattu ya koma gida, masu kallo suna kabbara. Ana cikin haka sai abu ya cije.

"A nan na jera uku na ci sanda ta uku," in ji Ɗanhausa. Ya juya ga tarin abin da ya ci. Ba komai, biyun da ke nan an riga an mayar. "Aradu uku na ci!"

"Tsufa ne, Ɗanhausa," in ji Malam yana shafa gemu. "Biyu ka ci."

Mani ya ƙirga na cikin gurabe. Takwas cif. Idan Baba ya ci uku, to ɗaya ta dawo wasa da ƙafarta tun jiya, ta shige cikin 'yan uwanta. Wace ce, kuma a wane gida aka saka ta? Idan ba a sani ba, duk abin da ya rage na komawa baya ya rushe. Mutum ɗaya ne ya sani, kuma Mani ba shi da bakin da zai ce wa mai rabon gado ɓarawo a gaban jama'a.

Sai aka ji ƙwas, ƙwas, sandar Inna. Suwaibatu ce ta kai mata labari. Jama'a suka buɗa, aka ajiye mata kujera 'yar tsugune, ta zauna dab da ɗan kawunta ta ƙura masa ido.

"Malam Rabo," ta ce, "ni hwa na san ka tun kana satar ƙuli a tallan Goggo kana cewa ɓera ne."

"Haba Hamida, a gaban mutane?"

"Gemun nan na jiya ne, ni na riga shi. Gobe ina son in ga angona. Idan motar direban nan ta tsaya da ni a daji, kai za ka goya ni har Daudawa, ka ji na rantse. Wace ka maido?"

Malam ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya yi gyaran murya sau uku. Sannan ya miƙa ɗan yatsa a hankali kamar mai taɓa wuta, ya nuna wata sanda a layi na biyu.

"Wannan ce. Lokacin da ya juya zai tofar da goro." Ya ɗaga murya. "Amma a duba, jama'a! Shi goma gare shi, ni takwas. Gyaran rabo na yi!"

Abin da Baba Ɗanhausa ya yi ba a taɓa ganin tsoho ya yi ba. Ya cire hula ya jefa sama, ya zagaya darbejiya da rawa yana cewa, "Shekara talatin! Shekara talatin ina hwaɗi ana ce mani tsufa!" Dariya ta kwantar da mutane, Malam kansa sai da ya rufe fuska da hannun riga kafaɗunsa suna rawa.

Daga nan wasa ya warware kamar zare. Kafin azahar notuna biyar suna sama, biyar suna ƙasa, sanduna takwas a tsakani, daidai yadda Mani ya bar su. Ya wanke kowanne da fetur don ƙasa ta shiga haƙoransu. Ya shimfiɗa sabon gaskit, ya duba ramukansa sun hau kan na inji. 'Yan gayya suka sake sa kafaɗa, aka sauke tof a hankali kamar ana kwantar da jariri. Ya zura sanduna kowace ɗakinta, ya sa notuna. Uwais ya ce ɗaurin daga tsakiya ake farawa a yi waje, dama da hagu, kuma ba a gama ɗaya lokaci guda, zagaye uku ake yi ana ƙara ƙarfi.

"Kamar ɗaurin jinka ke nan," in ji Mani. "Ka ja gehe ɗaya ta karkace."

Ya zura bututu a sifana ya yi zagaye na uku yana nishi, Malam Rabo na riƙe masa waya a kunne don neman gafara. Ya daidaita tazarar bawul da reza, ya mayar da kafreto da salansa da wayoyi masu ƙulli, ya zuba sabon mai da ruwa. Ya shiga ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Alheri ta yi shiru kamar ba da ita ake ba.

"A tura!" in ji jama'a baki ɗaya.

Aka tura, har da Baba Ɗanhausa da hannu ɗaya. Ta yi tari, ta yi atishawa, ta saki wani baƙin hayaƙi da ya kori kajin unguwa, sannan ta kama. Mani ya bar ta ta yi zafi, ya zaro sandar awo, mai garau ba kunu. Lagireto shiru. Ya kifa goshi a kan sitiyari ya daɗe bai ɗago ba, ya ce wai hayaƙi ne ya shiga masa ido.

Alhamis da hantsi Inna ta hakimce a gaba cikin atamfa, ƙwarya a cinya, aka ɗaure ƙofa da igiya. Suwaibatu da mata suna baya tare da rago, Malam Rabo da Baba Ɗanhausa a kan buhu ɗaya suna gardamar ko wasan shekaranjiya ya ƙirgu. Har Daudawa Alheri ba ta yi ko tari ba, sai dai wani jaki ya wuce su a hawa. Aka raɗa wa yaro suna Salim. Da aka miƙa wa Inna shi, ta buɗe zanen ta daɗe tana kallo, ta ce ango dai gajere ne kamar mutanen gidansu, amma ta karɓa.

Mani yana tsaye a bakin ƙofa yana murza hula, baƙin mai bai gama fita daga farcensa ba. Inna ba ta dube shi ba. Ta juya wajen Suwaibatu.

"Ke, ki ce ma direban nan a zuba mashi nama da yawa. Kuma Allah shi yi mashi albarka."